Yadda Ake Kwance Tobo Da Manifol Daga Injin Mota

Wannan shi ne jawabin da aka gabatar wa direbobi da masu motocin haya da yaran gareji waɗanda ke halartar ajin yaƙi da jahilci. An buga shi a nan don amfanin sauran masu karatu.

 

Batun yau ya shafi duk wanda abincinsa yake kan mota: mai ita, da direbanta, da bakaniken da ke gyara ta, har da yaron da ke miƙo sifana. Mota ce ke kai hatsi kasuwa. Ita ce ke kawo taki da damina. Ita ce ke ɗaukar mai naƙuda zuwa asibiti da tsakar dare. In ta kwanta, gidaje da yawa ne ke ji a jikinsu.

Wasu motocin da ke shan gas, kamar Toyota Hilux mai lita 2.5 ko lita 3, suna da wata na'ura a gefen inji. Sunanta tobo. Tobo yana ɗaure ne a jikin wani ƙarfe mai rassa wanda ake kira manifol. Kwance waɗannan abubuwa biyu shi ne darasin yau.

Tobo yana da tsada. Ko na hannu ne, kuɗinsa yakan girgiza aljihu. Abin da ya fi tsadar ciwo kuwa shi ne a sayo wani a ɗaura, bayan 'yan makonni shi ma ya mutu. Haka yana faruwa sau da yawa. Dalili shi ne, tobo bai cika mutuwa don kansa ba. Yawanci wani abu ne ke kashe shi. In aka cire mataccen aka bar makashin a cikin mota, to, sabon ma ya shiga layi. Saboda haka mai kwance tobo yana da aiki biyu. Ya fitar da shi lafiya ba tare da ya karya komai ba, kuma ya gano abin da ya kashe shi.

Mene ne tobo?

Kowa ya san maƙera. Gawayi kaɗai ba ya sa ƙarfe ya yi ja. Sai an zuga shi da zugazugi. To, haka inji yake. Yana son mai, yana kuma son iska. In iska ta yi yawa, sai ya iya ƙona mai da yawa, ƙarfinsa ya ƙaru. Tobo shi ne zugazugin inji.

A cikin tobo akwai farfela biyu a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fitowa daga inji shi ke juya ta farko. Ita kuma ta juya sandar, sandar ta juya farfela ta biyu. Ta biyun ce ke zuƙo iska daga iyakilina, ta matse ta, ta tura ta cikin inji. Watau hayaƙin da a da yake tafiya a banza, shi ne aka sa aiki kafin ya fita ta salansa. A motoci da dama iskar takan bi ta wani abu mai kama da lagireto don ta huce kafin ta shiga inji. Ana kiransa intakula. A riƙe wannan suna, za a dawo kansa.

Manifol kuwa shi ne mahaɗar hayaƙi. Inji mai silinda 4 yana da ƙofofin hayaƙi 4. Manifol ne ke tattara su zuwa baki ɗaya, a nan tobo yake zaune. Yawanci da ƙarfen zubi ake yin sa.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Alfred Büchi ne ya yi rajistarta a 1905. An fara amfani da ita a manyan injinan jiragen ruwa a shekarun 1920. A 1962 ta shiga ƙananan motoci a Amurka. Kamfanin Mercedes ya sa ta a ƙaramar mota mai shan gas a 1978. Kamfanin Peugeot, watau Fijo, ya biyo baya a 1979 da motarsa 604. Injin Hilux mai lita 2.5 kuwa, wanda Toyota ta raɗa wa suna 2KD, ya fito ne a 2001.

Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe. Injin gas a kan hanya yakan juya sau 2,000 zuwa 3,000 a minti ɗaya. Sandar tobo kuwa takan wuce juyi 100,000 a minti ɗaya. Hayaƙin da ke dukan ta yakan wuce digiri 600, alhali ruwa a digiri 100 yake tafasa. Me ke hana sandar nan narkewa? Baƙin mai ne. Sandar tana yawo ne a kan ɗan siririn mai wanda bai kai kaurin gashin kai ba. In man ya yanke na 'yan daƙiƙoƙi, ko ya zo da datti, shi ke nan.

Kafin a ɗauki sifana

Ba kowane hayaƙi ne laifin tobo ba. An sha kwance lafiyayyen tobo, aka sa mai mota asara, alhali tiyo ne kawai ya tsage.

Alamomin da ke sa a zargi tobo sanannu ne. Mota ta rasa ƙarfi a hawa. Ta riƙa fitar da baƙin hayaƙi, ko shuɗi mai warin ƙonannen mai. Baƙin mai yana raguwa amma babu yoyo a ƙasa. Ko kuma a riƙa jin kuka kamar jiniya duk lokacin da aka taka totur.

Manifol yana da tasa alamar. In ya tsage, ko gasket ɗinsa ya ƙone, da safe ana jin ƙara taf-taf-taf a gefen inji. Da inji ya yi zafi sai ƙarar ta ragu, domin ƙarfen ya buɗe ya toshe kafar. In an duba za a ga baƙin kunkunniya a wurin. Wannan ba abin a yi wa sakaci ba ne. Hayaƙin yana iya shiga cikin mota, kuma yana ɗauke da wata guba marar wari. Tana kawo ciwon kai da gyangyaɗi. Direba mai gyangyaɗi kuwa kowa ya san ƙarshensa.

Bakanike na kirki yana farawa da abin da ba ya cin kuɗi. Ya buɗe iyakilina ya ga ko filtar ta toshe. Ya bi tiyo-tiyon iska da hannu, ya matsa su, ya duba ko akwai tsaga ko mannin da ya saki. Ya buɗe murfin baƙin mai inji yana sulo. In hayaƙi yana bulbulowa da ƙarfi ta nan, to, zoben fistin ne suka gaji, kuma sabon tobo ba zai yi maganin wannan ba.

Bayan haka sai ya kashe inji, ya bari ya huce, ya cire tiyon da ke shiga bakin tobo. Zai ga farfela. Ya kama notin da ke tsakiyarta da yatsu biyu. In ya motsa ta gefe da gefe, ɗan wasa kaɗan ba laifi ba ne, muddin fikafikan ba sa taɓa bango. In ya ja ta gaba ya tura ta baya, bai kamata ya ji ta tana tafiya ba. Ɗan maiƙo a bakin tiyo ma ba laifi ba ne. Amma in farfela tana gugar bango, ko ta cije, ko fikafikanta sun gutsure, to, babu makawa sai an kwance.

Shiri

Ba a fafe gora ranar tafiya. Aikin nan tun jiya yake farawa. A ajiye mota a wuri mai inuwa, inda ƙura ba ta tashi. A bar ta ta kwana. Tobo da manifol suna riƙe zafi bayan sauran inji ya huce, kuma ƙunarsu ba ta da kyau.

Da ƙarfen ya yi sanyi, a jiƙa dukkan notocin manifol da na tobo da man kwance tsatsa, irin na gwangwani da ake fesawa. In babu, kananzir ko gas ya fi babu. A jiƙa da yamma, a sake jiƙawa da safe. Notocin nan sun yi shekaru suna shan wuta suna hucewa. Tsatsa ta haɗa su da ƙusoshinsu kamar an yi musu walda. Minti biyar na jiƙawa yakan ceci aikin kwana biyu.

A cire wayar batir, ta ɓangaren da ke da alamar ragewa. A sa waigi a tayoyi. Wasu notocin sai ta ƙasa ake kai musu. In akwai ramin gyara, madalla. In babu, a ɗaga mota a tallafe ta da ƙafafun ƙarfe ko katako mai kauri a kan ƙasa mai tauri. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Bulon siminti ma ba abin yarda ba ne, yana fashewa babu sallama.

A nan ne karatu ke da rana. A tanadi tef da biro. Duk tiyo ko wayar da za a cire, a manna mata lamba, a manna irin lambar a inda ta fito: 1 da 1, 2 da 2. Mai waya ya ɗauki hoto kafin ya taɓa komai. A sami gwangwanaye masu tsabta, a rubuta a jikinsu: na garkuwa, na tobo, na manifol. Yaron da ya iya rubuta waɗannan kalmomi ya riga ya rage wa ogansa rabin ciwon kai. A kuma tanadi tsummoki masu tsabta da leda. Tsumman da aka share ƙasa da shi ba ya cikin lissafi.

Fitar da tobo

Ana farawa da abin da ya tare hanya. A cire bututun da ya taho daga iyakilina, da wanda ya tafi intakula. Duk bakin da aka buɗe, nan take a toshe shi da tsumma ko a ɗaure shi da leda. Washa ɗaya in ta faɗa ciki ba a sani ba, ita kaɗai ta isa ta cinye sabon tobo, har ta kai ga fistin. A ƙirga tsummokin da aka cusa, a rubuta adadinsu, don kada a manta da ɗaya a ciki.

Sai garkuwar zafi, watau faifan ƙarfen da ke rufe manifol da tobo. Ƙananan notocinta sun fi kowane saurin karyewa. Wasu sukan jefar da garkuwar, wai ba ta da amfani. Tana da shi. Ita ke hana zafi ƙona wayoyi da tiyo.

A jikin tobo akwai wani ɗan gwangwani mai sanda, wanda ke daidaita yawan iskar da tobo ke turawa. A wasu injinan ƙaramar na'urar lantarki ce a madadinsa. A zare siririn tiyonsa ko wayarsa kawai. Kada a taɓa notin da ke jikin sandar. Tun daga kamfani aka auna shi. In aka juya shi, ko mota ta rasa ƙarfi, ko iska ta yi yawa ta yi wa inji illa. In akwai bututun da ke mayar da ɗan hayaƙi daga manifol zuwa cikin inji, shi ma a kwance shi yanzu.

Daga nan sai hanyoyin mai. Su biyu ne. Siririn bututu na sama shi ke kawo mai. Yawanci wani bol mai rami a ciki ne ke riƙe da shi, da washa biyu na jan ƙarfe. A kwance shi a hankali, kada a lanƙwasa bututun. Na ƙasa ya fi faɗi, shi ke mayar da mai cikin inji. A tara kwano, mai zai zubo. Wasu tobo suna da ƙarin bututu biyu na ruwa. In haka ne, sai an fara tsiyaye ruwan lagireto.

Yanzu a kwance mahaɗar salansa daga bayan tobo. A ɗaure salansar da waya don kada nauyinta ya rataya a wuri ɗaya. A duba ƙasan tobo, yawanci akwai ƙarfen da ke tallafe shi a jikin inji. A cire shi. Abin da ya rage sai notocin da suka haɗa tobo da manifol.

In sun fita, a ɗago tobo da hannu biyu. Ya fi yadda ake zato nauyi. Kada a ɗauke shi ta sandar gwangwanin nan, za ta lanƙwashe. In ya ƙi fitowa, kada a sa ƙarfe a ɓamɓare shi. A koma a duba, akwai notin da aka manta. A ajiye shi a kan kwali mai tsabta, a rufe.

A wasu motoci wuri ya yi ƙunci, ya fi sauƙi a fitar da tobo da manifol a haɗe, a raba su a kan benci. A wasu kuma ba sa rabuwa sam. Misali, a wasu injinan gas na Volkswagen masu lita 1.9, irin na Golf 4, gidan farfelar hayaƙi da manifol zubi ɗaya ne. Wanda ya tsaya neman notin raba su zai kwana yana nema.

Manifol da ƙusoshinsa

Nan ne ake gane gwani. Manifol yana rataye ne a kan ƙusoshi masu zare waɗanda aka dasa a jikin kan inji, wanda bakanikai ke kira tof silinda. A injin Hilux da aka ambata, kan injin na alminiyum ne. Alminiyum yana da taushi. Ƙusa ta ƙarfe ce. In aka yi musu ƙarfi, ko ƙusar ta karye, ko zaren alminiyum ya cinye.

A goge kan kowane noti da burushin waya. A yi amfani da soket mai kusurwa 6 wanda ya zauna daram. Sifana mai buɗaɗɗen baki tana cinye kan noti. Wadda ta yi sako-sako ma haka. A buga soket ɗin ya shiga sosai kafin a ja.

Ba a kwance noti ɗaya gaba ɗaya a bar sauran a ɗaure. A fara daga na gefe-gefe, a nufo tsakiya. Kowanne a sassauta shi kaɗan, a wuce na gaba, a sake zagayowa. Haka ke hana manifol karkacewa.

In noti ya cije fa? Sauri ya haifi nawa. A ɗan ƙara ɗaure shi kaɗan, kamar za a matse, sannan a dawo da shi baya. A fesa mai. A yi gaba, a yi baya. A ɗan ƙwanƙwasa kansa da ƙaramar guduma don tsatsa ta saki. In hannu ya ji ƙarfen ya fara laushi kamar ana murɗa alewa, a tsaya nan take. Ba noti ne ke juyawa ba, ƙusa ce ke shirin tsinkewa. Sa dogon bututu a jikin sifana don ƙarin ƙarfi, a irin wannan wuri, neman rigima ne. Abin da ya fi shi ne a gasa notin da wutar mai walda har ya yi zafi sosai, sai ya buɗe ya saki. Amma kafin a kawo wuta, a goge duk mai da kananzir, a kare tiyo da wayoyi, a ajiye bokitin yashi kusa.

Wani lokaci noti yakan fito tare da ƙusarsa. Wannan ba matsala ba ce, sai a sa sabuwa. Matsala ita ce ƙusar da ta karye. In gutsurenta ya leƙo waje, mai walda ya ɗora noti a kai ya cike tsakiyarsa da walda. Zafin waldar kansa yana taimakawa. A bari ya ɗan huce, a murɗo. A tabbata batir a cire yake kafin a yi walda a jikin mota. In kuwa ta karye a can ciki, sai an huda ta. Wannan aikin wanda ya saba ne. Dole huda ta bi tsakiya sak. In ta karkace ta ci zare. In ta zarce tana iya faɗawa hanyar ruwan inji. Daga nan gyaran noti ɗaya ya koma sauke tof silinda. Yaron da bai taɓa yi ba, ya kira ogansa. Babu kunya a ciki.

In manifol ya fito, a toshe ƙofofin hayaƙi. A kankare tsohon gasket a hankali, kada a ƙwarzane alminiyum. A wanke manifol a duba shi da rana tsaka. Tsaga takan ɓuya a tsakanin rassa, inda suka haɗu. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan fuskarsa, a duba ko haske yana wucewa ta ƙasa. In ya karkace, a kai wa masu injin gyaran ƙarfe su daidaita fuskar. In aka mayar da shi a karkace, sabon gasket ba zai daɗe ba. Ƙarfen zubi kuma yana da wuyar walda. In ba gwani ne ya yi ba, yakan sake tsagewa a gefen waldar.

Me ya kashe shi?

Yanzu a koma kan tobon da ke kan kwali. Shi da kansa zai faɗi abin da ya same shi.

In bakin fikafikan farfelar iska ya cinye ya yi laushi kamar an goge shi da yashi, ƙura ce. Ta shigo ta yagaggiyar filta, ko ta tiyon da bai ɗauru ba, ko murfin iyakilina da bai zauna ba. A ƙasar da hunturu ke kawo ƙura wata da watanni, kuma yawancin hanyoyin ƙauye ba kwalta, wannan babban makashi ne. Akwai direbobin da ke cire filta gaba ɗaya wai mota ta sha iska. Wasu kuma suna buga ta da dutse don kakkaɓe ƙura har ta yage. Duka biyun kisan tobo ne, kuma kisan inji ne.

In fikafikan sun lanƙwashe ko sun karye, wani abu mai tauri ne ya shiga. To, ina gutsattsarin suka tafi? Suna cikin tiyo da intakula. In notin tsakiyar farfela ya ɓace, sai an nemo shi. Ba a ɗaura sabon tobo sai an ga bayansa.

In an leƙa ramin shigar mai aka ga baƙin abu ya daskare kamar gawayi, to, mai ne ya ƙone a ciki. Abu uku ke kawo haka: jinkirin juye, da jabun mai, da kashe inji nan take bayan doguwar tafiya. Da an kashe inji mai ya daina gudu, amma zafin yana nan. Sai ɗan man da ya rage ya soyu. A hura siririn bututun nan na sama a ga ko iska tana wucewa sosai. In akwai shakka, a sayi sabo. Kuɗinsa bai kai ko kusa da na tobo ba. A duba na ƙasa shi ma. In ya toshe ko ya lanƙwashe, mai ba ya samun hanyar komawa, sai ya tsallaka cikin iska ko cikin salansa. Sau da yawa a nan shuɗin hayaƙi yake samo asali.

Wanda zai je sayen wani tobo, ya kwafi lambar da ke kan ɗan allon jikin tsohon, harafi da harafi. Tobo biyu suna iya yin kama a ido amma cikinsu daban. In na hannu ne, a yi masa gwajin yatsu biyun nan tun a shago. Buɗe tsakiyar tobo kuwa a bar wa masu injin daidaita shi. Abin da ke juyi 100,000 a minti ba a daidaita shi da ido.

Intakula

An ce za a dawo kan intakula. In tobo ya daɗe yana zubar da mai, man yakan taru a cikinta. Injin gas ba shi da fulogi. Duk abin da ya shiga silinda mai kamawa da wuta, ƙona shi yake yi. In aka ɗaura sabon tobo mai ƙarfi, sai ya kwashi man nan ya tura cikin inji. Inji ya fara shan baƙin mai a madadin gas. Sai ya hau gudu shi kaɗai, yana ruri, hayaƙi ya turnuƙe. Ko an kashe makulli ba ya mutuwa. In ba a tsayar da shi ba, sai ya buga.

Saboda haka dole a cire intakula da tiyo-tiyonta, a tsiyaye, a wanke, a bari su bushe sarai. In kuwa abin ya faru, Allah ya kiyaye, direba ya taka birki sosai, ya sa giya mafi girma, ya saki kuloci don inji ya shaƙe. Ko a toshe bakin shigar iska da katako mai faɗi. Kada a sa tafin hannu. Kada a sa tsumma, zuƙe shi zai yi.

Mayarwa ba ta da wuya in an kwance da tsari. Gasket sababbi, washa na jan ƙarfe sababbi, notoci ma in da hali sababbi. Notocin manifol ana ɗaure su ne daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan, da awon da littafin motar ya faɗa. Kada a shafa gam a gasket ɗin bututun mai. Gam yakan gutsure ya toshe hanya. A fitar da tsummoki, a ƙirga su, adadi ya yi daidai da wanda aka rubuta. A yi juye, a sa sabuwar filtar mai da ta iska. Kafin a ɗaura bututun sama, a zuba sabon mai a ramin tobo, a juya farfela da yatsa don man ya ratsa.

In an tayar da inji, kada a taka totur. A bar shi a sulo kamar minti biyar. A duba yoyon mai, da na ruwa, da na hayaƙi. Sannan a fita gwaji a hankali. Bayan an dawo inji ya huce, a sake duba notocin.

Saura na direba. Da safe ya bar inji ya ɗan yi sulo kafin ya tashi, kada ya zuga shi yana sanyi. In ya iso daga doguwar tafiya ko ya hau tudu da kaya, ya bar shi a sulo minti ɗaya ko biyu kafin ya kashe. Ɗabi'ar nan ta taka totur sau ɗaya da ƙarfi sannan a murɗe makulli, a bar ta. Tana barin farfela tana gudu babu mai. Ya sami ɗan littafi a mota, ya riƙa rubuta ranar juye da lambar kilomita. Da hunturu kuma ya riƙa buɗe iyakilina duk mako yana dubawa.